Burin Ƙarasa Rayuwa a Ƙasa Mai Tsarki: Kafin a Sayar da Gida

Da wuya a sami zuri'a a ƙasar Hausa da ba ta da wani dattijo ko dattijuwa mai burin ƙarasa sauran kwanakinsa a Makka ko Madina. Da zarar mutum ya ajiye aiki, ya karɓi garatuti, ya aurar da 'ya'ya, sai zuciyarsa ta karkata gabas. Yana son ya riƙa sallatar kowace farilla a Harami, idan ajali ya zo a yi masa sallah a can, a kai shi Baƙi'a. Buri ne mai kyau, kuma yana da madogara, domin Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke kwaɗaitar da cikawa a Madina, tare da alkawarin ceton Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba mu da ja a kan wannan. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne yadda ake ƙulla tafiyar a gidaje da yawa: a lissafa kuɗin jirgi da na masauki na wata biyu, a bar maganar takardar zama da maganar jinya a hannun "Allah zai kawo mafita", alhali su biyun ne ke yanke hukuncin ko dattijon zai zauna cikin mutunci ko cikin ɓuya.

Burin ya girme mu duka. Kakanninmu sun taka da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur, wasu suka shekara goma a hanya suna noma suna ƙwadago kafin su ga Bahar Maliya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan. Wasu sun isa Hijaz suka zauna, jikokinsu na nan har yau, kuma duk alhajin da ya taɓa zuwa Shara Mansur a Makka ya ji Hausa ta cika kunnensa. To amma wancan zamani ne da mutum kan isa gari ya nemi mai masauki, shi ke nan. Yau da yatsun hannu da hoton fuska ake shiga Saudiyya, kuma kwamfuta tana riƙe da ranar shigar kowa da ranar da ya kamata ya fita.

Ya kamata a faɗa wa iyayenmu gaskiya ɗaya tun daga farko: Saudiyya ba ta da wata biza da aka ware wa 'yan fansho. Takardar zama da aka fi sani, wato igama, a kan aiki take rataye, ko a kan kasancewa cikin iyalin mai aiki. Dattijo ɗan shekara saba'in ba mai ɗaukarsa aiki, kuma shigar da iyaye ƙarƙashin igamar ɗansu abu ne mai wuyar samu. Ko an samu, akwai harajin da aka ɗora wa kowane mutum da ke ƙarƙashin baƙon ma'aikaci tun watan Yulin 2017, wanda ya fara daga riyal 100 a wata ya kai riyal 400 a 2020.

Ƙofar da ta fi kusa da abin da dattawan ke so ita ce takardar zama ta musamman da aka fito da ita a 2019, wadda ba ta buƙatar kafili. Iri biyu aka fara da su: ta dindindin, a biya riyal 800,000 sau ɗaya, da ta shekara guda mai sabuntawa a kan riyal 100,000. Dokar ta ba mai ita damar cin moriyar gida a Makka da Madina har tsawon shekara 99. A farkon 2024 aka ƙara wasu rukunoni, ciki har da na mai gidan da darajarsa ta kai riyal miliyan 4. Ana neman shaidar wadata, da shaidar cewa mutum ba shi da tabon laifi, da rahoton likita. Yanzu a juya kuɗin zuwa naira. Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 a kowace dala ɗaya. Idan aka ɗauki dala a kan naira 1,500, ta shekara guda ta tasam ma naira miliyan 40, ta dindindin kuwa kusan miliyan 320. A ɗauka wani tsohon ma'aikaci yana karɓar fanshon naira 150,000 a wata, wanda da yawa ba su kai haka ba. Sai ya tara fanshonsa na fiye da shekara ashirin, bai ci bai sha ba, kafin ya biya kuɗin zama na shekara ɗaya.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Fanshon da naira ake biyansa, cefane da haya da magani kuwa da riyal. Wancan naira 150,000 ɗin, a farkon 2023 lokacin da dalar gwamnati take wajen naira 460, ya haura riyal 1,200. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin shekarar, kuɗin nan ya koma kimanin riyal 375 cikin shekara guda. Mutum yana zaune a ɗakinsa a Madina, bai yi almubazzaranci ba, aka wayi gari kashi biyu cikin uku na abin da yake dogaro da shi ya narke. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗan fi samun sauƙi ta nan, tun da sefa a ɗaure take da yuro, sai dai fanshon nasu ma bai kai ya riƙe gida a Hijaz ba.

Wasu masu hali sun fara duban wasu ƙasashen Musulmi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana ba da bizar ritaya ta shekara biyar ga wanda ya kai shekara 55, bisa sharaɗin dukiya, kamar ajiyar dirhami miliyan ɗaya. Malesiya tana da shirinta na "gida na biyu" tun 2002, wanda aka tsaurara sharuɗɗansa a 2021, aka sake fasalinsa a 2024 har mafi ƙanƙantar rukuni na gama-gari ya koma ajiyar dala 150,000 tare da sayen gida. Ba za mu daɗe a kansu ba, domin ba su ne muradin mafi yawan masu karatunmu ba. Darasi ɗaya dai suke koyarwa: mai masauki yana iya canza sharaɗi a duk lokacin da ya ga dama. Mun gani da idonmu yadda Daular Larabawa ta rufe ba 'yan Nijeriya biza a ƙarshen 2022, ba ta buɗe ba sai a Yulin 2024. Wanda ya sayar da gidansa na Kano ko Zinder ya dogara da takardar shekara biyar, ya kamata ya san inda zai kwana a shekara ta shida.

Abin da ya rage wa talaka da mai matsakaicin hali shi ne bizar ɗan lokaci. Bizar Umara, wadda a da wata ɗaya ce, an mayar da ita kwana 90 tun 2022. Akwai bizar ziyarar iyali ga wanda yake da ɗa ko 'ya mai igama. Duk da sharaɗi suke zuwa: a fita kafin wa'adi ya cika, kuma kowace shekara hukumomi kan sanar da ranar ƙarshe a watan Zulƙida da dole masu Umara su bar ƙasar saboda shirin Hajji. A nan ne ake yi wa dattawa mummunar shawara. Wani zai ce, "Alhaji, ka shiga kawai, idan biza ta ƙare ka saje da jama'a, ai mutane nawa suke zaune haka." Kalmar takari da muke amfani da ita a yau ga irin wannan zama ta samo asali ne daga sunan da Larabawa ke kiran mutanen yammacin Afirka tun ƙarnoni, amma yanzu ma'anarta ta koma mutumin da ke waiwaye duk lokacin da ya ji motar 'yan sanda. Hukuncin wuce wa'adi ya haɗa da tara mai iya kaiwa riyal 50,000, da ɗauri har wata shida, da kora. Wanda aka kama yakan bi ta gidan tarhil na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka. Saurayi mai jini a jika ma yakan fito daga can a galabaice, balle tsoho mai shan magani sau uku a rana.

Mu a wajenmu maganar ta wuce tsoron kamu. Biza alkawari ce. Mutum ya sa hannu cewa zai shiga don abu kaza, ya fita ran kaza, a kan haka aka buɗe masa ƙofa. Wanda ya sa hannun da niyyar saɓawa tun daga gida ya fara ibadarsa da yaudara, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe. A watan Afrilun 2024 Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta bayyana cewa bai halatta a tafi aikin Hajji ba tare da izini ba, saboda cutarwar da ke biyo baya ga mutum da sauran alhazai. Wata biyu bayan haka aka ga abin da ake gudu. A Hajjin shekarar zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum 1,301 suka rasu bisa alƙaluman hukuma, kuma kashi 83 cikin ɗari nasu marasa izini ne, waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba motar ɗauka. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne da masu daɗaɗɗen ciwo.

Ɗalibanmu su kuma sani cewa magabata ba su haɗu a kan cewa zama a Makka ya fi komawa gida ga kowa da kowa ba. Imamu Ahmad da jama'a da yawa sun so mujawara, Imamu Abu Hanifa kuwa ya karhanta ta. Imamu Gazali ya kawo dalilan masu karhantawa a cikin Ihya'u: tsoron kada sabo ya rage kwarjinin Ɗakin a zuciya, da cewa rabuwa tana hura wutar bege, da nauyin zunubi a wurin da ba kamar sauran wurare ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, akwai labarin wasiƙar da Abud Darda'i ya aika wa Salmanul Farisi yana kiransa zuwa ƙasa mai tsarki, Salmanu ya mayar masa da amsar da ma'anarta ita ce aikin mutum ke tsarkake shi, wurin zamansa ba ya yi masa wannan. Ba mun kawo waɗannan don rage darajar Haramai biyu ba ne. Mun kawo su ne don dattijon da bai sami hali ba ya daina jin kamar an rufe masa wata ƙofar rahama.

Sai maganar lafiya, wadda a ganinmu ta fi ta biza nauyi, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne abin da suka gani a lokacin Hajji: asibitoci a Mina da Arfa, likitoci suna duba alhaji kyauta, har tiyatar zuciya ana yi. Wannan karamci ne da aka tanada wa baƙin Allah a kwanakin aikin. Mazaunin ƙasar da ba ɗan ƙasa ba da inshora yake ganin likita, yawanci wadda wurin aikinsa ya saya masa. Inshorar da ke haɗe da bizar Umara ko ta ziyara ta larurar gaggawa ce, ta haɗari da ciwon da ya taso farat ɗaya. Ba a yi ta don ta ɗauki nauyin ciwon da mutum ya taho da shi daga gida shekara da shekaru ba. Kamfanonin inshora kuma, a ko'ina cikin duniya, suna tsawwala kuɗi gwargwadon shekaru, suna kuma tambayar tsohon ciwo. Wanda ya ɓoye, ranar da ya kwanta za su ƙi biya.

Mu dubi cututtukan da suka fi addabar dattawanmu. Mai hawan jini da ke shan maganin da ke sa yawan fitsari, idan ya haɗu da zafin Makka na bazara, wanda kan wuce digiri 43 da rana, ruwan jikinsa na iya ƙarewa ƙodarsa ta taɓu kafin ya farga, domin tsufa yana rage jin ƙishirwa. Mai ciwon suga yana buƙatar firji don allurar insulin, kuma jijiyoyin ƙafarsa sukan mutu har ya taka abu mai zafi bai ji ba. Likitocin alhazai sun san wannan sarai: mutum ya fito daga sallar Azahar ya nemi takalminsa ya rasa, ya taka kwalta ba takalmi zuwa masauki, tafin ƙafa ya ƙone, gyambon ya ƙi warkewa. Wanda ƙodarsa ta gaza kuwa wanki yake buƙata sau uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, har iyakar rayuwarsa. Wa zai biya wannan a asibitin kuɗi da fanshon riyal 375? Wanda ba shi da takarda ma tsoron zuwa asibitin yake yi, sai ya koma sayen ƙwaya a kanti yana jinyar kansa a ɗaki, har ciwon da za a iya tarewa ya zama shanyewar ɓarin jiki.

Ko maganin da mutum ya saba sha a gida sai an yi hattara da shi. Ƙwayoyi irin su tramadol da kodin, waɗanda wasu tsofaffi ke sha don ciwon gwiwa da baya, suna cikin abubuwan da Saudiyya ke sa wa ido ƙwarai, kuma shiga da su ba takardar likita na iya kai mutum kurkuku. Ƙullin garin magani na gargajiya da ba rubutu a jikinsa shi ma abin tuhuma ne a filin jirgi. Goro ma, abokin hirar dattawa, kowace shekara hukumar alhazai ta NAHCON tana gargaɗin kada a ɗauke shi. Wannan ƙaramin abu ne, amma wanda ya shekara hamsin yana cin goro ya san ba ƙarami ba ne.

Akwai ciwon da ba a gani a gwajin jini. Tsoho a unguwarsu mutum ne mai matsayi: ana gaishe shi a ƙofar masallaci, ana kawo masa sulhu, jikoki na hawa cinyarsa, maƙwabci na lura idan bai fito Asuba ba. A ɗakin haya a hawa na shida a wani gari, inda ba ya jin Larabcin kasuwa, duk wannan ya tafi. Idan mantuwa ta fara kama shi, sauya wuri yana ƙara rikita shi, kuma sananne ne cewa mai wannan larura yakan rasa harsunan da ya koya daga baya ya koma harshen uwa. Wa zai yi masa tafinta a gaban likita? Wa zai juya shi a kan gado, ya yi masa tsarki, ya ɗaura masa alwala? A gida wannan aikin 'ya'ya ne da surukai da jikoki, suna karɓa-karɓa, suna samun ladan biyayya. A can kuwa ko dai a ɗauki mai jinya da riyal, ko nauyin duka ya faɗa kan matarsa, wadda ita ma tsohuwa ce.

Matan nan sun cancanci a tsaya a kansu. Wadda aka bari a gida tana da haƙƙin ciyarwa da na zama tare da mijinta, kuma niyyar ibada ba ta sauke wannan haƙƙi sai da yardarta. Wadda aka tafi da ita kuwa sau da yawa zamanta a kan takardar mijin yake rataye. Ranar da ya cika, ga takaba ta wata huɗu da kwana goma a gabanta, ga wa'adin biza, ga haya, ga ba dangi. Binne mamaci a can ma sai da izinin hukuma da shaidar ko shi wane ne, don haka gawar marar takarda takan daɗe a ɗakin ajiya ana neman wanda zai tsaya mata. Ba kuma kowa ke samun Baƙi'a ko Ma'alla ba. Mafi yawan masu rasuwa a Makka a maƙabartar Shara'i ake binne su. A gida kuma magada suna jiran takardar shaidar rasuwa kafin banki ya saki kuɗi ko a raba gado, idan ma akwai abin rabawa bayan an sayar da gida da gona don tafiyar.

Shawararmu ga iyalai ita ce a ɗauki kwana 90 ɗin nan da muhimmanci, domin ba kaɗan ba ne. Wata uku a Haramai biyu ya fi abin da kakanninmu da yawa suka samu bayan tafiyar shekaru. A zaɓi lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, a tafi da ɗa ko jika mai ƙarfi, a nemi masauki kusa ko a yi tanadin keken turawa. Kafin tafiya likita ya duba zuciya da ƙoda da suga, ya rubuta rahoto da Turanci mai ɗauke da sunayen magunguna na asali, a ɗebi wanda zai isa har a dawo cikin kwalinsa. A yi rigakafin sanƙarau da na shawara da sauran waɗanda ake nema. A rubuta wasiyya, a bayyana basussuka, a bar wakili a kan fansho saboda tantancewar da ake kira lokaci-lokaci. Sa'an nan a dawo ranar da aka yi alkawari. Wanda ya fita a kan lokaci yana iya komawa baɗi idan da hali. Wanda aka kora da hoton yatsunsa a kwamfuta yana iya shekara da shekaru ba a sake ba shi biza ba. Mai dukiyar da ta isa takardar zama ta musamman kuwa, ya bi ta shafin hukumar kai tsaye, ya kuma nemi farashin inshorar shekara a rubuce, da shekarunsa da cututtukansa na gaskiya, kafin ya biya ko sisi.

Muna kira ga NAHCON, wadda ita ke ba kamfanonin Hajji da Umara lasisi, da ta tilasta musu bayyana wa kowane matafiyi a rubuce, da Hausa da ajami inda ya kamata, ranar ƙarewar bizarsa da abin da inshorarsa ta ƙunsa da abin da ba ta ƙunsa ba, ta kuma ƙwace lasisin duk wanda aka samu yana tallar "shiga ka zauna". Hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi suna da malaman bita a kowace ƙaramar hukuma, su sa wannan babi a cikin darasinsu. Limamai kuma, waɗanda su ake fara zuwa wa da irin wannan niyya don neman addu'a, su riƙa tambayar mai niyyar wace biza ya samu, wa zai raka shi, da kuma abin da ya bar wa iyalinsa, kafin a ɗaga hannu a shafa Fatiha.